Kirank ɗin BMX ya yi tauri bayan an sa sabon boris, sarƙa kuma tana ɗamewa wuri ɗaya

Sabon Hannu: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina neman shawarar masana. BMX ne, ƙaramin keken wasa da tsalle, mai kirank ɓangare uku, wato hannaye biyu da feda ke kai da shaf, sandar da ke haɗa su. Shaf ɗin 19mm ne mai tsaga 48, farantin sarƙa na gaba haƙora 25, na baya 9. An canza boris an mayar da komai. Yanzu idan aka ɗaure notin shaf sosai kirank ba ya juyawa sai da ƙarfi, idan aka sassauta kuma sai ya riƙa rawa gefe da gefe yana ƙas-ƙas. Ga sarƙa ita ma, wani wuri ta ɗame kamar tsirkiyar baka, wani wuri ta saki. Ina matsalar take?

Mai Alanki: Wa alaikumus salam. Kafin komai, ɗan bututun nan da ke zama tsakanin boris biyu a cikin firam, an sa shi?

Sabon Hannu: Oga, akwai wani guntun bututu da ya zo cikin ledar boris ɗin, amma bai shiga ba. Wanda ya haɗa ya ce ba dole ba ne.

Mai Alanki: To ai shi ne ciwon. Dole ne kuwa. Kowane boris yana da zobe biyu, na waje da na ciki, ƙwallaye a tsakani. Zoben waje yana zaune daram a gidansa cikin firam, ya jingina da wani ɗan tudu da aka bari a ciki. Shi kuwa zoben ciki a kan shaf yake. Duk lokacin da ka ɗaure noti, hannun kirank yana tura washa, washa tana tura zoben ciki zuwa tsakiyar firam, ta dama da ta hagu lokaci guda. Bututun ne ke tare su, ƙarfin ɗaurin ya bi ta cikinsa ya wuce. Idan babu shi, ƙarfin nan kan ƙwallaye yake sauka ta gefe, su kuwa ba don ɗaukar nauyin gefe aka yi su ba. Shi ya sa ka rasa tsakiya: ka ɗaure ya cije, ka saki ya yi rawa. Kada a hau keken a haka, boris ɗin ba zai daɗe ba zai fara gurnani.

Oga Boris: Gaskiyar Mai Alanki. Na ƙara da cewa sa bututun kaɗai bai isa ba, sai tsawonsa ya dace da firam ɗin. Faɗin gidan boris ba ɗaya ba ne a kowane firam. Ga lissafin: boris na irin gidan da ake kira Mid mai shaf 19mm shi ne wanda ake kira R12, kaurinsa 11.1mm. Idan faɗin gidan 73mm ne kuma boris biyu sun zauna daidai da baki, ka cire 22.2, saura kusan 51mm. Idan gidan 68mm ne, kusan 46mm. Amma kada ka dogara da lissafi, auna tazarar da ke tsakanin tudun dama da na hagu da ma'aunin kalifa. Bututu ya yi daidai da wannan tazarar ko ya ɗara ta da abin da bai kai rabin milimita ba. Idan ya gaza, ƙara siririyar washa mai rami daidai da shaf. Idan ya yi tsawo, rage shi da magagari, amma bakin ya fita a miƙe sak, in ya karkace boris ma zai karkace.

Yadda za ka gane bayan ka danna boris: zura yatsa ka taɓa bututun. Ya kamata ka ji shi a riƙe, amma yana iya gusawa idan ka tura da ɗan ƙarfi. In yana kwaram-kwaram, ya yi gajere.

Sabon Hannu: Na gode Oga. Ke nan sai an sake fitar da boris ɗaya. Zai fita lafiya kuwa?

Oga Boris: Ɗaya kawai za ka fitar. Zura ƙarfe mai baki a daƙile ta ɗaya gefen, ka riƙa bugu kaɗan-kaɗan kana zagayawa: sama, ƙasa, dama, hagu. Kada ka dage wa wuri ɗaya, boris zai fito a karkace ya ci bakin gidan. Sai dai ka sani, bugun fitarwa kan zoben ciki yake sauka, don haka bayan ya fito juya shi da yatsa. In ka ji tsakuwa-tsakuwa, ya tashi aiki, nemi wani.

Dattijon Keke: Wajen mayarwa kuma ba sai an wahalar da yaro ba. Giris kaɗan a bakin gidan, a ɗora boris a miƙe, a ɗora katako mai faɗi a kai, a buga da guduma a hankali. Haka aka saba, kuma yana shiga.

Injiniya 4130: Baba, da girmamawa, katako yana aiki a hannun wanda ya ƙware irinku. Sabon hannu kuwa bugun farko yake karkatar da boris, ya ci gaba da bugu yana zaton shiga yake, a ƙarshe gidan ya buɗe, kowane boris aka sa daga baya ya riƙa lilo. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Hanya mai sauƙi: dogon rodi mai tiredi, manyan washa biyu masu kauri waɗanda faɗinsu ya rufe zoben waje, da noti biyu. A zura rodin ta tsakiya, a riƙa ɗaure noti a hankali ana duba cewa boris yana shiga daidai ta kowane gefe. Tsohon boris ma yana yin kyau a matsayin abin dannawa, don girmansa ɗaya da sabon. Sharaɗin dai ƙarfin ya sauka kan zoben waje, ba na ciki ba. Kuma a riƙe bututun a saitin rami lokacin da boris na biyu ke gab da zama, in ba haka ba ya kwanta a karkace shaf ya ƙi wucewa.

Dattijon Keke: Ban ƙi ba ɗana. In akwai rodi a kusa, ya fi. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne guduma kai tsaye a kan boris ba katako.

Oga Boris: Tunda ana maganar, bari in jero girman gidajen don masu saye kada su sayo abin da ba zai shiga ba. American shi ne babba, kusan 51.3mm, kofuna ake dannawa sannan boris ya zauna a cikinsu. Mid kusan 41.2mm, boris kai tsaye cikin firam, kuma shi ne a yawancin kekunan wasa na yanzu. Spanish 37mm, shi ma kai tsaye, kamfanin Fly Bikes na Sifen ne ya fito da shi. Euro kuwa mai tiredi ne, irin na sauran kekuna, an fi ganinsa a kekunan tsere, kuma kofinsa na dama tiredin hagu ne. Bayan girman gida sai kaurin shaf: 19, 22 ko 24mm. Abu biyu ke nan za ka faɗa wa mai sayarwa, misali Mid 19 ko Spanish 22. Wanda ake ce wa 19 ɗin ma a zahiri kashi uku cikin huɗu na inci ne, wato 19.05mm, shi ya sa boris na mashin mai rami 19 ko 20 cif ba ya yi.

Sabon Hannu: Madalla. To wajen mayar da hannun kirank fa? Wannan mai tsaga 48 yana da taurin shiga ƙwarai.

Mai Alanki: Haka aka yi shi. Ba shi da notin matse gefe, tsagar ce kaɗai ke riƙe shi, don haka dole ta kama sosai. Wanke tsagar shaf da ta cikin hannu da buroshi, duk tsohon giris da ƙasa su fita, sannan ka shafa sabon giris. Idan shaf ɗin titaniyam ne, man hana cijewa ake sawa maimakon giris na yau da kullum.

Tsarin jerawa daga dama: hannu, faranti da adaftarsa, washa idan ana buƙata, murfin nan mai siffar mazurari, sai boris. Ta hagu: boris, murfi, sifesa (zoben cike tazara), hannu. Fara haɗa ɓangaren faranti a ƙasa, ka zura shaf ta cikin firam, sannan hannun hagu.

Kada ka ja hannu da notin shaf alhali tiredi biyu ko uku kawai ya kama. Nan ake cinye tiredin cikin shaf. 'Yan kamfanin Profile, waɗanda suka yi suna da wannan tsarin na tsaga 48, suna da ɗan abin ja na musamman: ana ɗaura shi cikin shaf, a juya noti ya jawo hannun ciki. In babu shi, samo noti mai tiredi iri ɗaya amma ya fi tsawo, da tarin washa, ka ja da shi har hannun ya shiga sosai, sannan ka sa notin asali.

'Yar Tsere: Kuma ka duba saitin hannayen kafin ka ja. Tsaga 48 na nufin kowace ɗaya digiri 7.5 ce. Kuskuren tsaga ɗaya ido ba ya saurin kamawa, amma ƙafa za ta ji. Miƙe hannun dama ya bi sandar firam ta baya, ka koma gefe ka hango na hagu, su zama layi ɗaya. Mai tsaga 8 ba ya ɓoye kuskure, don kowace digiri 45 ce, makaho ma ya gani.

Injiniya 4130: Ga wani abu da ke sa rawa ko da bututu yana ciki. Kan shaf bai kamata ya zo daidai da wurin da kan noti ke zama ba. Ya zama ya nutse cikin hannu da 'yan milimita ta kowane gefe. In ya kai baki, noti zai ɗaure a kan shaf ne, bai matse hannu ba. Za ka ji noti ya ɗaure tam amma kirank na rawa. Maganinsa ƙarin sifesa, ba ƙarin ƙarfi ba. Haka kuma shigar shaf cikin hannun dama da na hagu ta zama kusan ɗaya. Idan gefe ɗaya ya cinye shaf ya bar wa ɗayan kaɗan, wannan gefen ne zai fara cin tsaga.

Sannan auna tazarar ƙarshen kowane hannu da sandar firam. Kada ta gaza kamar 5mm, domin firam da hannu suna ɗan lanƙwasa idan aka taka da ƙarfi ko aka dira daga tsalle.

Dattijon Keke: Masu kirank mai notin matse gefe su kula da tsari. Notin kan shaf ake fara ɗaurewa har rawa ta ɗauke, sannan na gefe. In guda biyu ne, a riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan wannan kaɗan wancan. Wanda ya fara da na gefe ya kulle hannu a inda yake, notin shaf ba zai iya jawo shi ba. Wajen kwancewa kuma a fara da na gefe.

Mai Alanki: A kuma duba alanki. Wasu kirank na Amurka notinsu na inci ne. Alanki na milimita zai shiga kamar ya yi daidai, amma yana ɗan lilo, kana dannawa ya cinye ramin. In ka ji alanki bai zauna cif ba, tsaya.

Sabon Hannu: An yi yadda kuka ce. Bututun ya gaza da kusan milimita ɗaya, an ƙara washa. Yanzu noti a ɗaure tam, kirank yana juyawa sumul, babu rawa. Allah ya saka da alheri. Saura sarƙar.

'Yar Tsere: Amin. Sarƙa kuma fara gano wanda ke da laifi, don abu uku ne ke iya jawo haka. Kifa keken, samo alli. Juya kirank a hankali har inda sarƙa ta fi ɗamewa, ka yi alama a faranti, a taya, da kan gaɓar sarƙar da ke saman faranti. Ci gaba da juyawa. Idan ɗamewar tana dawowa duk lokacin da hannun kirank ya zo wuri ɗaya, faranti ne bai zauna a tsakiya ba, ko shaf ya lanƙwashe. Idan tana zuwa kusan sau uku a zagaye ɗaya na kirank, daga hob ɗin baya ne, wato cibiyar tayar baya. Idan kuma alamar kan sarƙa take bi, akwai gaɓar da ta cije ko sarƙar ta ci ba daidai ba. Mafi yawa dai faranti ne.

Oga Boris: Kuma dalilin a fili yake. Ramin tsakiyar yawancin faranti 23.8mm ne, shaf ɗinka kuwa 19. Wata 'yar adafta mai kama da hula ce ke cike gurbin. Bakinta yana shiga ramin faranti ta ɓangaren firam, faffaɗan gefenta ya tsaya tsakanin faranti da sifesa. In ba a sa ta ba, ko aka sa ta 22 a kan shaf 19, faranti yana rataye ne a kan noti ɗaya, ba yadda za a yi ya juya a tsakiya. Duba wannan tukuna.

Sabon Hannu: Adaftar tana nan, ta 19 ce. Alamar kuma kirank take bi.

'Yar Tsere: To ɗan gusawa ne kawai. Sassauta notin faranti da notin shaf kaɗan, yadda faranti zai iya motsi in an buge shi amma ba zai zame da kansa ba. Juya zuwa inda sarƙa ta fi ɗamewa. Buga gaban farantin da gudumar roba, bugu mai sauƙi, ya nufi tayar baya. Juya kuma ka nemi sabon wurin ɗamewa, ka maimaita da bugun da ya fi na farko sauƙi. Sau uku ko huɗu yawanci ya daidaita. Sai ka ɗaure, ka sake dubawa, don wani lokaci ɗaurin kansa yana gusar da shi. Ba za ka samu daidai ɗari bisa ɗari ba, ƙaramin bambanci ba komai. A wurin da ta fi ɗamewa ake saita jan sarƙa, a bar ta tana ɗan motsi sama da ƙasa, kirank kuma yana juyawa baya ba tare da cijewa ba.

Mai Alanki: Kafin ka ɗaure notin faranti, riƙe hannun kirank ka murɗa farantin baya, wato yadda sarƙa ke jan sa idan ana taka feda, har notin ya jingina da bakin raminsa. In ka ɗaure shi a tsakiyar rami, taku na farko mai ƙarfi zai ja shi, ka fara jin ƙas duk lokacin da ka taka. Sa ɗigon Loctite shuɗi, gam ɗin hana noti kwancewa, a tiredin. Shuɗi fa, ba ja ba, ja sai da wuta yake kwancewa.

Injiniya 4130: Ni a ganina duk wannan wahalar faranti mai tsaga ya kashe ta. Yana hawa kan tsagar shaf kai tsaye, babu noti babu adafta, kuma yana zama a tsakiya da kansa.

Oga Boris: Yana da kyau, amma ba kowa zai iya sawa ba. Sai shaf mai tsaga 48, kauri ɗaya da na farantin, kuma tsagar ta yi tsawon da za ta ɗauki faranti da hannu gaba ɗaya. Mai tsaga 8 ko 16 ba ya ciki. Sannan in ya daɗe ba giris, cire shi aiki ne. Faranti mai noti da aka saita da kyau ba abin da ya rasa.

Injiniya 4130: Ya rasa abu ɗaya Oga: ramin notin yana buɗewa da daɗewa, musamman a faranti na alminiyam 6061. Na 7075 ya fi tauri, haƙoransa ma sun fi jimawa.

Oga Boris: Wannan kam haka ne. Shi ya sa wasu ke zuwa da rami fiye da ɗaya, in ɗaya ya buɗe a koma wani.

'Yar Tsere: Kada a manta layin sarƙa. Faɗin hob ɗin baya na BMX 110mm ne, rabinsa 55. Auna daga fuskar notin hob da ke taɓa firam zuwa tsakiyar haƙoran baya, cire wannan daga 55, ka samu nisan haƙoran daga tsakiyar keke. A gaba kuma auna daga tsakiyar bututun sirdi zuwa tsakiyar haƙoran faranti. Lambobin biyu su zo kusa, bambancin milimita ɗaya ko biyu ba laifi. Da washa ake gyarawa: a ɗauke daga hagu a mayar bayan faranti, ko akasin haka. Sarƙar da ke tafiya a karkace tana ƙara, tana cin gefen haƙora, kuma ita ce ke yawan faɗuwa. Firam ɗin BMX gajere ne ta baya, don haka ƙaramar karkata ma tana nunawa.

Baban Yara Biyu: Salam. Ku ba ni dama in shigo da tawa a nan tunda masana sun hallara. Keken yaro ne mai kirank ƙarfe ɗaya lanƙwasasshe, faranti babba 44, baya 16. Yana son a sa masa ƙaramin faranti 25 da kirank ɓangare uku. Zai yiwu?

Dattijon Keke: Zai yiwu Malam, amma ba faranti kaɗai za ka saya ba. Bari mu bi a hankali. 44 a raba da 16 ya ba da 2.75. 25 a raba da 9 ya ba da kusan 2.78, shi ya sa nauyin takunsu kusan ɗaya ne. Amma 25 da 16 zai ba ka 1.56, yaro zai yi ta juya ƙafa keke ba ya tafiya. Firiwil, wato haƙoran baya, mai ɗaurawa da tiredi na yau da kullum kuwa yawanci a 16 yake tsayawa, mai ƙaramin tiredi yana sauka zuwa 13. Haƙora 9 sai hob irin na kaset, wanda ba a ɗaura masa firiwil da tiredi. Ke nan ko a canza hob ɗin baya, ko a tsaya a 36 da 13 in hob ɗin yana da gefen ƙaramin tiredi. Sauran haɗin da ke ba da kusan wannan nauyin: 39 da 14, 33 da 12, 30 da 11, 28 da 10.

Kwance tsohon kirank ɗin kuma: cire fedar hagu, kwance notin kulle na hagu, a cire washa mai ɗan haƙori, a kwance kwan, wato notin mai siffar mazurari da ƙwallaye ke juyawa a kansa. Notin da kwan ɗin duk tiredin hagu ne, ta hannun agogo suke kwancewa. Mutane da yawa a nan suke ta ƙara ɗaurewa suna cewa ya cije. Sai a zaro kirank ɗin gaba ɗaya ta dama ana karkata shi. Kofunan a buge su su fita.

Oga Boris: Gidan irin wannan keken American ne, sai ka nemi saitin American mai shaf 19mm, da bututunsa. Feda ma sabuwa: kirank ƙarfe ɗaya tiredin fedarsa rabin inci ne, mai ɓangare uku 9/16. Ba sa shiga juna.

Baban Yara Biyu: Ashe abin da yawa. In aka bar tsohon kirank ɗin aka gyara shi fa? Rawa kawai yake yi.

Dattijon Keke: Shi ne mafi sauƙin gyara a duk kekuna. Wanke kofuna da kwan, duba ko sun yi rami-rami. In suna da santsi, sabon boris na keji da giris mai yawa sun wadatar. Ka tafi da tsohon wurin saye, domin akwai mai ƙwallaye 9 akwai mai 10, tiredin kwan ma iri biyu ne, mai 24 da mai 28 a inci ɗaya. Ɗaure kwan da hannu har ya taɓa, ka dawo da shi baya kaɗan, sa washa, ɗaure notin kulle. Ɗaurin notin yana ƙara matse kwan, don haka a gwada bayan an kulle, ba kafin ba. In yaron ba tsalle mai nisa yake yi ba, wannan zai kai shi. In ya fara dira daga sama, kirank ɗin zai lanƙwashe, a lokacin sai a yi maganar canji.

'Yar Tsere: Ga mai canza girman faranti: kowane haƙori ɗaya da ka ƙara ko ka rage yana gusar da aksul ɗin baya, wato sandar tsakiyar taya, kusan 3mm. Cire cikakkiyar gaɓa, ta ciki da ta waje, yana jawo taya gaba 12.7mm, rabin gaɓa kuwa kusan 6mm. Bakin firam da aksul ɗin baya ke zama a ciki gajere ne a kekunan yanzu, shi ya sa rabin gaɓa ke da amfani. Kuma kada a ɗora tsohuwar sarƙa kan sabon faranti. Auna cikakkun gaɓoɓi 12 daga fin zuwa fin: sabuwa inci 12 ce cif, wato 304.8mm. In ta kai 308 ta gama, kuma mai yiwuwa ta riga ta ci haƙoran baya. A 25 da 9 haƙora kamar huɗu ne kawai ke riƙe da sarƙa a baya, don haka cin ya fi sauri a kan 44 da 16. Faɗi kuma, a ma'aunin inci, sarƙa 1/8 tana hawa haƙoran 3/32, amma 3/32 ba ta hawa na 1/8.

Ɗan Feg: Tambaya ta gefe. Mai goga feg (guntun bututun da ke kan aksul, da ake zamewa da shi a kan ƙarfe) ta dama yana son mayar da sarƙa hagu don kada faranti ya riƙa dukan ƙarfe. Ba sai a juya hannayen kawai ba, na dama ya koma hagu?

Mai Alanki: A'a ɗan'uwa, kada ka yi. Fedar dama tiredin dama ce, ta hagu tiredin hagu, kuma da dalili. Yadda nauyin ƙafa ke zagaya ƙarfen feda a cikin raminsa yana sa shi murɗawa a hankali, an zaɓi tiredin kowane gefe ne yadda murɗawar za ta zama ɗauri. Ka musanya hannaye, duka biyun su riƙa kwance kansu. Abin da kake buƙata hannun hagu mai wurin ɗaura notin faranti. Kirank da yawa yanzu suna da shi a hannu biyun. In babu, faranti mai tsaga ya warware maka, in dai tsagar shaf ta hagu ta isa. Sannan hob ɗin baya dole ya zama na hagu, ko irin wanda ake iya juya cikinsa. Juya tayar kawai ba ya yi, za ka taka gaba ta yi ta zamewa.

Injiniya 4130: In canjin ya yi yawa, faranti mai garkuwa ya rage ɓarnar. Yana kare haƙora da sarƙa daga duka.

Ɗan Feg: Na gane. Ɗaya kuma, ramin feda na hannun hagu ya fara cin tiredi, feda tana shiga a karkace.

Oga Boris: In farkon tiredin ne kawai ya lalace, ɗaura fedar ta bayan hannun, ta ɓangaren firam, da giris, har ta fito ta gaba. Sau da yawa tana gyara bakin. Tap, wato abin yanka tiredi, na 9/16 ya fi, amma ka tabbata na hagu ne. In tiredin ya tafi gaba ɗaya, akwai bushin da ake sawa bayan an buɗe ramin an yanka sabon tiredi, sai dai a hannun kirank na ƙarfe mai rami a ciki naman wurin ba shi da yawa, ga keken tsalle canza hannun ya fi kwanciyar hankali. Nan gaba fara ɗaura feda da yatsu, zagaye uku ko huɗu, kafin sifana 15 ta taɓa ta. Ɗaurinta kusan 35 Nm a ma'aunin ƙarfin ɗauri.

Injiniya 4130: Tunda hannun zai fita, goge shi tas ka duba walda a wuri biyu: zagayen ramin feda da zagayen ramin shaf, musamman ta ciki inda ido ba ya kaiwa. Siririn layi mai tsatsa ko fenti da ya tsage a bakin walda alamar tsagewa ce. Shaf kuma mirgina shi a kan gilashi, in ya lanƙwashe za ka ga yana ɗingishi.

Ɗan Feg: In an ga tsagewar, mai walda ba zai iya kamawa ba?

Injiniya 4130: Zai kama, amma ba zai riƙe ba. Hannayen nan da nau'in ƙarfe mai lamba 4130 aka yi su, kuma masu kyau ana gasa su bayan walda don su yi ƙarfi. Sabuwar wuta tana kashe wannan gashin a gefen waldar, sai ya sake karyewa a nan kusa, galibi lokacin dira, sanda duk nauyin mutum ke kan feda. Canza hannun. Wasu kamfanoni suna sayar da hannu ɗaya, sai ka faɗi gefe, tsawo kamar 165, 170 ko 175mm, kaurin shaf da yawan tsaga. Tsawon yana rubuce a cikin hannun kusa da ramin feda a yawancinsu, in babu ka auna daga tsakiyar ramin shaf zuwa tsakiyar ramin feda.